Daga Lauje Zuwa Feshi: Waiwaye Kan Ciyawar Gefen Hanya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ko ta Funtuwa zuwa Gusau, a tsakiyar watan Agusta, zai ga wani abu da shekara talatin da suka wuce ba a san shi ba. Ko'ina kore shar, dawa ta kai kafaɗa, masara ta yi goyo, amma a bakin kwalta sai ga dogon zirin ciyawa ja, a bushe ƙamas, alhali ruwa na sauka kusan kullum. Ba wuta ce ta cinye ta ba, feshi ne. Wani wurin manomin da gonarsa ta yi iyaka da titi ne ya ƙarasa abin da ya rage a tankinsa. Wani wurin mai shago ne ko mai gidan mai yake son gabansa ya yi fes. Wani wurin kuma ɗan kwangilar share gefen hanya ne ya lura cewa yaro ɗaya da tankin feshi a baya zai gama a wuni guda aikin da gungun leburori za su yi kwanaki suna fama da shi. Idonmu ya saba da wannan jan zirin har muna kiransa tsafta. Ni dai ban ɗauke shi tsafta ba, kuma kafin in faɗi dalili sai na koma ga yadda gefen hanya yake a da.

A zamanin En'e, har zuwa shekarun farko bayan samun 'yancin kai, hanya tana da masu ita. An yanka ta kashi-kashi, kowane 'yan mil da nasu leburorin a ƙarƙashin heluma, wasu ma da 'yan ɗakunansu a nan bakin hanyar. Kayan aikinsu diga da shebur da kwanon sarki da adda da lauje. Kafin ruwa ya sauka su yashe lambatu, su buɗe bakin kwalbati. Damina ta kankama su shiga saran ciyawa. Inda ruwa ya fara gutsurar gefen burji, su ɗebo marmara su cike tun abin bai zama kwazazzabo ba. Ba labarin zamanin jin daɗi nake bayarwa ba. Asalin wannan aiki da tilas a cikinsa, don Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa hanyoyi da yawa da gumin talakawan da dagatai da masu unguwanni suka tattaro ba da son ransu ba, kuma ko da aka koma biyan lada, ladan bai taka kara ya karya ba. Amma mutumin da ke bin yanki ɗaya na hanya da ƙafa shekara da shekaru ya san tsiron da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda ke riƙe ƙasa, ya san wanda ke toshe hanyar ruwa, kuma ba ya yi musu hukunci iri ɗaya.

Leburorin hukuma ma ba su ne suka fi cire ciyawa daga gefen hanya ba. Jama'ar gari ne, kuma ba don tsafta suke yi ba, don amfani ne. 'Yan ciyawa kan fita tun da asuba da lauje, su yanko harkiya da gadagi saboda dawakin sarakai, su yanko kyasuwa da komayya saboda ragunan da ake turkewa a cikin birni, su ɗaura dami a kan jaki ko keke sai kasuwa. Mata da yara su tsinko tafasa da rai-ɗore da yaɗiya da lalo da rukuɓu. Wanda ya tashi a karkara ya san irin nauyin da kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ke ɗauka a watannin nan da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma bai nuna ba. Da kaka a yanki gamba a saƙa zana, a yanki tofa a baibaye ɗaki. Makiyayi kuwa, idan gonaki suka rufe ko'ina da damina, ba shi da wurin bi sai burtali da gefen hanya. Tsakanin hanya da gona akwai shingen aguwa ko na bini-da-zugu, a kusa da manyan garuruwa kuma layin maɗaci da darbejiya, wadda aka fara dasawa a Barno a 1928 ta bazu ko'ina. Inuwarsu kanta tana hana ciyawa tashi.

Abin da wannan yawan yanka da kiwo ke haifarwa shi ya fi jan hankalina yanzu da na waiwaya. Tsiro mai faɗin ganye da ke miƙewa sama, idan aka riƙa datse shi kafin ya yi 'ya'ya, shekara biyu uku sai ya ja da baya. Ciyawa mai yaɗo kuwa, irin su kiri-kiri, idonta a ƙasa yake. Lauje da haƙorin tunkiya ba sa kai gare shi, sai ma su ƙara mata haske da fili. Tana tafiya tana kafa saiwa a kowace gaɓa har ta saƙe wurin. Ga shi kuma duk damin da aka ɗauke aka kai kasuwa ya tafi da wani abu na ƙarfin ƙasar, don haka gefen hanya ba ya yin takin da manyan ciyayi za su samu abin ci. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan, babu wanda ya raɗa masa suna, amma abin da malaman gona ke kira shukar rufe ƙasa ke nan, ya samu da kansa.

Abu biyu suka rusa wannan tsari. Na farko, hanya ta rasa masu ita. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, kuɗin mai ya kawo zamanin kwangila da manyan injina, tsuke bakin aljihun da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 kuma ya ƙara rage leburorin dindindin. Kula da hanya ya tashi daga aikin kullum, ya koma sai ta lalace a waiwaye ta. An kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da hanyoyin tarayya, amma abin da jama'a ke kuka da shi ramukan tsakiyar kwalta ne, can kuma hankali ke tafiya. Idan ɗan kwangila ya tuna da gefe, gireda yake turowa ta kankare komai har ƙasar sama, ta bar jar ƙasa a fili.

Na biyu shi ne arahar da maganin ciyawa ya yi. Kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da gilaifoset kasuwa a 1974 da sunan Roundup, kuma ya daɗe yana fin ƙarfin aljihun ƙaramin manomi a nan. A 2000 wa'adin mallakar fasahar ya ƙare, masana'antun ƙasar Sin da na Indiya suka shiga haɗa shi, farashi ya faɗi, sai ga shi a kowace kasuwar ƙauye cikin robobi masu sunaye iri-iri, kusa da farakwat mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ya zo daidai da lokacin da samari suka ajiye fartanya suka kama acaɓa da ci-rani, ɗan ƙwadago ya yi tsada, gayya ta ja baya. Ba na ganin laifin manomin da ya rungumi feshi a gonarsa. Wanda bai taɓa sunkuya wa firi da maimai a cikin rana ba, bai kamata ya yi masa wa'azi ba. Sai dai gona daban, gefen hanya daban. Manomi yana kashe ciyawa ne don ya sa wani abu a gurbinta. A gefen hanya kashewa ake yi, a juya baya a tafi.

Ƙasa tsirara kuwa kamar kangon gida ce, idan mai shi bai zauna ba wani zai shiga ya zauna. Gilaifoset yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa ya kashe tsiron da ya taɓa, farakwat saman kawai yake ƙonewa, amma duk cikinsu babu mai taɓa irin da ke kwance a cikin ƙasa. Ƙwayar tafasa da ta rai-ɗore ɓawonsu tauri gare shi, suna iya yin shekaru a binne suna jira. Kashin-yawo da ƙarangiya da tsidau kuwa tayar mota da jelar dabba da ƙafar wando ke kawo su kullum. To, ka kashe kiri-kirin da ke danne su, ka buɗe musu rana. Ruwa biyu uku sai su tashi, kuma su ne masu saurin girma, masu yawan 'ya'ya, waɗanda dabba ba ta so. Sai a sake feshi. Duk sakewa tana rage ciyawa mai amfani, tana ƙara wa masu taurin kai fili. Har ma tsiro yakan saba da maganin: a 1996 aka fara tabbatar da wata ciyawa a Ostireliya da gilaifoset ya daina kashewa, ba da daɗewa ba aka ga haka a Malesiya a jikin tuji, wannan tujin dai da muka sani a bakin hanya da filin makaranta.

Sannan ga ruwa. Kwalta ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka a kanta gefe yake gangarawa da ƙarfi. Idan ya tarar da ciyawa mai saiwa sai ya rage gudu ya nutse. Idan ya tarar da ƙasa ba kowa sai ya yanki 'yar hanya, gobe ta faɗaɗa, jibi ta shiga ƙarƙashin kwaltar. Babbar mota ta taka bakin da ba shi da madogara, ya ɓalle. Duk direban da ya taɓa kauce wa tirela ya faɗa wannan gangaren da ke tsakanin kwalta da ƙasa ya san abin da nake nufi. Ƙasar da ruwan ya kwasa kuma lambatu da kwalbati take zuwa ta cike. Abin da aka rage na ladan mai lauje, ninkinsa ake biya wajen gyaran hanya.

Batun guba ina son in faɗe shi daidai, ba ƙari. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar. Hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai ba su yarda ba, har Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Har yau ba a gama wannan gardama ba. Farakwat kuwa babu gardama a kansa: kurɓi kaɗan yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya daga 2024. Amma ko da maganin da ya fi kowane sauƙi ne, a duba inda ake zuba shi. Gefen hanya ba shi da shinge, ba shi da allon gargaɗi. Yarinyar da ta zo tsinkar tafasa da safe ba ta san an yi feshi jiya ba, don gilaifoset kan ɗauki kwanaki kafin ganye ya nuna alama. Akuya ma ba ta sani ba. A nan bakin kwaltar ake shanyar barkono da tumatir da shinkafa da rogo. Mai feshin kansa sau da yawa yaro ne da silifa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, robar da ta ƙare kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan sha.

Dabarar danne ciyawa da shuka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Manomin da ke sa wake ko kabewa ko duma a tsakanin kunyoyin dawa ya san cewa inda yaɗo ya rufe, noma ya ragu. Tun shekarun 1920 ma'aikatar gona ta yi gwajin mukuna a gonar Moor da ke Ibadan. Mukuna 'yar'uwar karara ce, sai dai wadda ake shukawa ba ta da ƙaiƙayi. Babbar shaida ta fito ne daga lardin Mono, a kudancin Jamhuriyar Benin, a ƙarshen shekarun 1980. Masu bincike, tare da cibiyar IITA, sun kai wa manoma mukuna ne don ta farfaɗo da ƙasar da ta gaji. Manoman ne suka lura da abin da ya fi wannan daraja a wurinsu: inda mukuna ta rufe damina guda, tofa ta kwanta. Wanda ya san tofa ya san girman wannan magana. Saiwarta a ƙarƙashin ƙasa take tafiya, ka sare ta tofo, ka ƙone ta ƙara kyau, har manomi kan bar mata gona ya tafi. Abin da ba ta jurewa shi ne inuwa. Cikin 'yan shekaru dubban manoma suka karɓi irin.

Duk da haka ba zan ce a watsa mukuna a gefen titi ba. Tana hawa duk abin da ta samu, za ta lulluɓe allon hanya da turken lantarki, da rani kuma ta bar tulin busasshen ganye mai jiran ashana. Amfaninta a nan na shekara ɗaya ne, a wurin da tofa ta yi kaka-gida, can nesa da kwalta, a yankuna masu yawan ruwa irin su kudancin Kaduna da Neja da Nasarawa. Idan ta gama aikinta a sa abin da zai zauna. Abin da gefen hanya ke so shi ne tsiro gajere, mai saiwa, mai jure taku da fari, wanda zai dawo da kansa idan ruwa ya sauka. Kiri-kiri na kan gaba, kuma ba a sayensa, gaɓoɓinsa ake tsinkowa a dasa da farkon damina. Akwai sitailo, ɗan dangin wake, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da masu binciken cibiyar ILCA suka yi aiki a kansa da Fulanin da suka zauna a wajejen Kachiya a shekarun 1980, ana killace fili a shuka shi don shanu su samu abin ci da rani. Yana yi a jar ƙasa marar taki, yana zubar da irinsa ya sake fitowa, dabba kuma tana sonsa. Gadagi ma haka, ga shi namu ne tun asali.

A gangaren gada da bakin kwalbati da duk inda aka tara ƙasa aka ɗora hanya, ban ga abin da ya kai jema ba. Mun san ta a fadama, ana saƙa da ita, ana dasa ta a iyakar gona. Saiwarta ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nutsawa, mita biyu har uku. Idan aka dasa ta a jere kusa da kusa a gicciyen gangare, sai ta haɗe ta tare ƙasa ta bar ruwa ya tsiyaye. A ƙarshen shekarun 1980 ma'aikatan Bankin Duniya suka ga yadda manoman kudancin Indiya ke amfani da 'yar'uwarta, suka yayata ta a duniya. Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Madagaska ne. A 2000 guguwa biyu suka jawo zaftarewar ƙasa a wurare sama da 200 a kan layin dogon da ya tashi daga Fianarantsoa ya gangara gaɓar teku. Da aka zo gyara, ba a kori manoman da ke noma gangaren ba. Yarjejeniya aka yi da ɗaruruwansu: su dasa jema da itatuwan marmari, su kula da su, su kuma ci amfanin wurin. Gangaren ya tsaya ne saboda akwai mai cin moriyar tsayuwarsa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana abin da ke biyo bayan tsiraicin fili. A jihohin Maraɗi da Damagaram garmani ya mamaye burtali da makiyaya da gefen hanyoyi, dabbobi ba su damu da shi ba, ya kori ciyawar da suke ci. Abin da aka koya can shi ne tumɓukewa kaɗai ba ta isa. Sai an tumɓuke kafin ya yi 'ya'ya, a karce ƙasa, a watsa irin kyasuwa da sauran ciyawar kiwo, a tsare wurin har ta kafu.

Ƙasashen da suka riga mu shiga feshi su ne yanzu ke ja da baya. Gundumomin jihar Iowa ta Amurka sun yi shekaru suna feshe gefen hanyoyinsu kaf, ciyawar da ake yaƙa ba ta ƙare ba. A 1988 jihar ta kafa asusu don mayar da ciyayin asalin yankin, masu dogon saiwa, a gefen hanya, feshi kuma ya koma na tsiro ɗaya-ɗaya. Faransa ta hana hukumominta zuba irin waɗannan magunguna a lambunan jama'a da tituna daga farkon 2017, in ban da 'yan wuraren da shigarsu ke da haɗari. A lardin Dorset na Ingila kuwa, da aka buɗe sabuwar hanyar Weymouth a 2011, da gangan aka ƙi shimfiɗa ƙasa mai taki a gangarenta, aka watsa irin furannin daji a kan farar ƙasa. Abin da ya fito gajere ne, da ƙyar yake bukatar yanka. A sauran hanyoyinsu kuma suka sayi injinan da ke yanke ciyawa su kwashe ta, don ƙarfin ƙasar ya riƙa raguwa duk shekara. Wannan yanka da kwashewa da suke kashe wa kuɗi shi ne 'yan ciyawarmu ke yi da lauje, su kuma samu na cefane.

Sai dai a yi hattara da ɗauko baƙon tsiro. An kai wani yaɗo mai suna kudzu Amurka daga Japan a 1876. A shekarun 1930 da 1940 gwamnati har biyan manoma take yi, zuwa dala 8 a kowace eka, su shuka shi don tare zaizaya, aka kuma dasa shi a gangaren hanyoyi. Zuwa 1953 ta janye shawarar, amma ya riga ya hau itatuwa da turakun waya a jihohin kudu maso gabas, har yau ana fama da shi. Gambarmu ma da aka kai arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, can ta rasa mai yanka ta ya yi zana. Tana kai mita 4, gobararta tana kashe manyan itatuwa, a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayin ƙasar. Shi ya sa na fi natsuwa da abin da ƙasarmu ta sani, dabbobinmu ke ci, hannunmu ke da aikin yi da shi.

Sauran dabarun da ba na sinadari ba, kowace da iyakarta. Ruwan zafi da tururi da ake amfani da su a biranen Turai saman tsiro kawai suke ƙonewa, ga tsada. Ɓuntun shinkafar da ke tule a bayan injinan garin Kura, ko ɓawon gyaɗa, yana da kyau a lulluɓe gindin sabon dashe, amma iska na kwashe shi, wuta na sonsa. Mafi araha a cikinsu duka shi ne sanin lokaci: a yanke tsiro yana fure, kafin ƙwaya ta ƙosa. Wanda ya bari sai Oktoba, shuka ya yi wa ciyawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Masu bin hanyar Birnin Gwari ko ta Kaduna zuwa Abuja za su ce duhuwar gefen hanya maɓoyar 'yan fashi da masu garkuwa da mutane ce. Direba zai ce doguwar ciyawa a kan kwana tana rufe masa ido, hayaƙin ƙona ta da hunturu kuma ya sha jawo karo. Duk gaskiya ne. Amma abin da suke nema shi ne su hango nesa, ba ƙasa tsirara suke sha'awa ba. Gireda da feshi suna ba su wannan na wata ɗaya ko biyu, sannan abin da ya fi na da tsayi ya dawo. Ciyawar da ba ta wuce idon sawu ba duk shekara take ba su. Ainihin wahalar tana wani wuri. Rani wata bakwai ne ko fiye a can arewa, awaki a sake suke, sabon dashe kuma yana bukatar tsaro da cire ciyawa da hannu a damina biyun farko, daidai lokacin da kowa ke gonarsa. A shekarar farko wannan dabara ta fi feshi tsada, babu amfanin ɓoyewa. Ban kuma ce a rufe shagunan magani ba. Inda tofa ko wani mugun tsiro ya gagara, ana iya ɗiga masa shi kaɗai, da hannun wanda ya san aikin, a kuma shuka wani abu a gurbin nan take.

Ƙa'idar hanyoyin tarayya ta ware mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Ke nan kowace kilomita tana ɗauke da kimanin hekta 9, har da kwaltar, kuma hanyoyin tarayya kaɗai sun kai kimanin kilomita 35,000. Ko an cire abin da gidaje da shaguna da gonaki suka cinye, abin da ya rage fili ne mai yawa a ƙasar da manomi da makiyayi ke zubar da jini a kan ciyawa. Ba kiwo a bakin kwalta nake kira a yi ba, saniya a kan titi haɗari ce. A yanka a ɗauka nake nufi. Ragon layya da saniyar tatsa a gida kasuwa ce da ba ta mutuwa, buhun harawa da rani kuwa kowa ya san kuɗinsa.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomi ne da hakimai da dagatai, don su ke kusa. A zaɓi kilomita biyu ko uku a mashigar gari, a raba su ga ƙungiyar matasa ko ta mata ko 'yan ciyawar da ke wurin, a rubuce, da sharaɗi: ba feshi, ba wuta, ba doguwar shuka kusa da kwalta, lambatu a buɗe, abin da aka yanka nasu ne. A ba su ɗan tallafi na damina biyun farko daga kuɗin da ake ware wa share hanya. A nemi irin sitailo a Shika tun da rani, a san fadamar da za a haƙo jema, a dasa da ruwan farko da ya jiƙa ƙasa sosai. Kai kuma mai karatu, idan akwai kansila ko dagacin da kake iya yi wa magana, ka kai masa wannan shawara tun watan Afrilu, kafin kowa ya tafi gona.